Shirun Tsofaffi da Dare: Haƙurin Wa Muke Yabo?

A Hausa, tambayar "ina kwana?" amsa ɗaya gare ta. Ko mutum ya kwana zaune yana murza gwiwa tun bayan isha'i har kiran assalatu, in gari ya waye aka gaishe shi, "lahiya lau" zai ce. In an san ba shi jin daɗi aka ce "ya jiki?", sai ya ce "da sauƙi". Ba ƙarya yake yi ba, kowa ya san haka gaisuwa take, kuma akwai kyau cikin al'adar da ta hana mutum ya buɗe yininsa da ƙorafi. Sai dai akwai ciwon da wanga ladabi namu ke rufewa ruf, har ya yi shekara goma cikin gida ba wanda ya san girmansa. Shi ne ciwon gwiwa na tsofaffi, wanda ke bin mai shi har shimfiɗa, ya tsananta daidai lokacin da duk mai iya taimako ya yi barci.

Tambayata ga ƴan uwa masu karatu ita ce wannan. In tsohuwa ta kwana da ciwo ba ta tada kowa ba, da safe aka ce "Inna akwai haƙuri", wa yabon nan ya amfana, ita ko masu barcin? Shin haƙuri ba ya cika sai da shiru? Kuma mi ke kan wanda ya kwana lafiya game da wanda bai runtsa ba, alhali bango ɗaya ya raba su?

Gwiwa a bakin Bahaushe

Kafin mu je ga ciwon, mu saurari harshenmu, don ya riga mu sanin darajar wannan gaɓa. Wanda ya samu goyon baya, an ƙarfafa mishi gwiwa. Wanda ya karaya, gwiwarsa ta yi sanyi. Mutum biyu in sun haɗu kan aiki, sun yi haɗin gwiwa. Mai neman gafara yana zuwa gwiwa bibbiyu. Mace kuwa in naƙuda ta kama ta, cewa ake yi tana kan gwiwa, domin a durƙushe kakanninmu mata suka haihu.

Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. A al'ada ana yabon mace in ta haihu ba a ji muryarta ba, balle haihuwar fari. Kuka kan gwiwa abin kunya ne, abin gori a bakin kishiya da dangin miji. Ke nan tun tana ƙuruciya aka koya mata cewa ciwo mafi tsanani cije leɓe ake yi a haɗiye shi. Daga ranar nan gwiwar ba ta huta ba: niƙa a dutse a durƙushe, tuƙin tuwo kan ƴar kujera, shara da gajeriyar tsintsiya, tulu ko bido daga rijiya, gaida surukai har ƙasa, goyo bayan goyo. Namiji ma yana da nashi, daga duƙawar noma zuwa dakon buhu a kasuwa da hawan tsani da kwanon laka. Bayan shekara arba'in ko hamsin sai gwiwa ta zo karɓar bashinta. Matar da aka koya wa shiru a ranar da ta fi kowace rana zafi kuwa, ba za ta buɗe baki don "ɗan ciwon ƙafa" ba.

Abin da ke faruwa cikin gaɓar

Mutanenmu na kiransa sanyi, ko sanyin ƙashi, ko amosanin gaɓɓai. A takardar likita artiroz za ka ga an rubuta. A mahaɗar gwiwa, bakin ƙashin cinya da na ƙwauri lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi, irin farin nan da muke gani bisa kan ƙashin rago. Shi ke sa ƙashi ya zame kan ƙashi ba gogayya. Da shekaru, da nauyin kaya, da ƙiba, da tsohon targaɗe ko karaya, guringuntsin yana cinyewa yana tsattsagewa. Shi kansa ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa ake daɗewa yana lalacewa ba a sani ba. Zafin yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da tantanin da ya kewaye mahaɗar in ya kumbura ya tara ruwa, da jijiyoyin da ke riƙe da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane wajen miliyan 528 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kashi 60 cikin 100 mata ne, kashi 73 cikin 100 kuma sun haura shekara 55. Ke nan abin da ke damun Inna ba jifa ba ne, ba taka sammu ta yi ba. Ciwo ne sananne mai suna da dalili.

Da farko yana tashi in an yi aiki, ya lafa in an huta. In ya yi nisa ne yake hana barci, kuma akwai dalilai. Gaɓar ta yini tana ɗaukar nauyi, sai dare take nuna gajiyarta. In ta daɗe wuri ɗaya ba motsi, sandarewa take yi. Akwai kuma wani sinadari, kotizol, da jiki ke fitarwa yana kwantar da kumburi; wajen tsakar dare yake yin ƙasa sosai, sai gab da asuba ya sake hawa. Sannan da rana hankali a rabe yake, ga jikoki, ga baƙi, ga rediyo. Da dare ba abin da ya rage sai mutum da gwiwarsa. Rashin barcin ma kansa yana ƙara wa jiki jin zafi washegari, zafin kuma ya sake hana barci, haka ake ta yi. Masu iya magana sun ce dare mahutar bawa. Ga wanga bawan Allah, dare shi ne lokacin da aikinsa ke farawa.

Abin da nake so a riƙe shi ne, guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma zafin yana raguwa. Kalmar nan "tsufa ne" tana haɗa biyun ta binne su rami ɗaya. Gaskiya ne tsufa ba shi da magani. Zafin daren jiya kuwa yana da abubuwan da ke rage shi, kuma da yawansu ba su cin ko dala.

Haƙuri iri biyu

Bahaushe ya ɗaga haƙuri sama ƙwarai. Shi ne maganin duniya, mahaƙurci mawadaci ne, mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Wani masanin Hausa ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, da ya yi nazarin wanda muke kira mutumin kirki a 1974, ya jera halaye goma, haƙuri na ciki. Ba ni da jayayya da wannan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai doguwar jinya ya san cewa ba don haƙuri ba, da ciwo ya cinye hankali kafin ya cinye jiki. Amma a lura, cikin jerin nan akwai hankali, akwai karamci, akwai adalci. Abin mamaki, in maganar tsofaffi ta taso, haƙuri kaɗai ake tunawa, shi da ba ya cin mai lafiya komai.

Kalmar fuska biyu gare ta, ya danganta da bakin da ta fito. Akwai haƙurin da mutum ke yi shi da kansa: ya ƙi yanke ƙauna, ya ƙi zagin ƙaddara, ya ƙi huce zafinsa kan yara. Wannan nashi ne, ado ne gare shi, ba mai ƙwace mishi. Akwai kuma "yi haƙuri" da ake miƙa wa wani. Wani lokaci tausayi ne na gaskiya, in an yi iya yi abin ya gagara. Wani lokaci kuwa hanya ce ta rufe zance cikin ladabi. Ma'aikacin da bai son duba takardarka "yi haƙuri" yake ce maka. Wanda ya ci bashinka bai da niyyar biya, shi ma haka. To, ɗan da ya ji nishin uwarsa ta bayan bango, ya ce "sai haƙuri, Inna, tsufa ne", ya juya ya ja bargo, wane iri ya miƙa mata?

Ga ma'auni mai sauƙi. Kowane halin kirki, a tambayi wa ke biyan kuɗinsa, wa ke cin ribarsa. Karamci, mai gida ke biya, baƙo ke ci, kuma mai gidan ne ya zaɓa. In baƙo ya zauna yana yi wa mai gida wa'azin falalar karamci don a ƙara mishi nama, ko yaro zai gane inda ya dosa. Shirun tsohuwa da dare, ita ke biya da barcinta da ƙarfinta, gidan duka ke cin riba, don ba wanda aka tada, ba wanda aka sa kashe kuɗi. Saboda haka in yabon shirun nan ya fito daga bakin masu cin ribarsa, ya kamata a bincike shi. Ban ce yabon ƙarya ne ba. Na ce mai yinsa yana da abin da yake samu, kuma alƙali ba ya yanke hukunci kan shari'ar da yake da rabo a ciki.

Wasu za su ce addini ne ya umarci haƙuri, kuma ciwo kankarar zunubi ne. Haka ne. Amma Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, Alƙur'ani ya ba da labarin cewa ya kai kukansa ga Ubangijinsa, ya faɗi cutar da ta shafe shi, kuma duk da haka aka siffanta shi da haƙuri. Malamai sun bambanta tsakanin fushi da hukuncin Allah, da gaya wa likita ko ɗan uwa inda ke ciwo. Sahabi Imrana ɗan Husaini, da ciwo ya dame shi, bai ɓoye ba. Ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yadda zai yi salla, aka ba shi sauƙi: a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance ta gefe. Buhari ya ruwaito. Tambayar mutum ɗaya ta zama rangwame ga duk mai ciwo har yau. Duk da haka tsofaffi nawa ke tilasta wa gwiwa durƙuso, ƙwalla cike da ido, don kada a gan su kan kujera a ce sun gaza? Ladan ciwo tsakanin mai ciwo da Ubangijinsa yake. Ba hujja ba ce da mai lafiya zai riƙe don ya ci gaba da barci.

Abin da za a ce mini

Akwai magana biyu masu nauyi da za a iya mayar mini, kuma ba na son in tsallake su.

Ta farko: shirun nata ne, mutuncinta ne. Tsohuwa ba yarinya ba ce. Ta riƙe gida shekara hamsin, ba ta son ta koma abin tausayi a idon waɗanda ta goya. Ga kunyar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗi, ƙaƙa za ta zauna tana lissafa mishi ciwonta? Wa ya ba ɗan lakwal ikon ya zo ya ce dole sai ta yi magana?

Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ya kamata ya haska wa tsoho tocila a fuska yana yi mishi tambayoyin ɗan sanda. Sai dai ba a gane shirun da mutum ya zaɓa sai in magana ba ta da tsada. In ta san cewa in ta faɗa za a yi tsaki, ko a ce "ke kullum ciwo", ko a lissafa mata abin da aka kashe a farmasi watan jiya, to shirunta lissafi ne, ta auna ta ga zafin gwiwa ya fi zafin gori sauƙi.

Kuma ai ba sai ta faɗa ba. Jiki magayi. Ta daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, ita da ta san zumunta a ƙafa take. Tana dafa bango in za ta miƙe. Ta rage shan ruwa da marece don kada fitsari ya tada ta da dare. Tana gyangyaɗi da hantsi ana cikin hira. Duk wannan magana ce ga mai hankali. A nan ne nake ganin hikimar kakanninmu, wadda muka ɗauki rabinta muka bar rabi. Al'adar da ta hana baƙo ya ce yana jin yunwa, ita ce ta wajabta wa mai gida ya kawo ruwa da abinci ba tare da an tambaye shi ba. Kunyar wani ba ta tafiya sai da hankalin wani. Gidan da ya riƙe kunya ya saki hankali, ya ɗaure wa tsohonsa baki ne ya kuma toshe kunnensa.

Magana ta biyu: gidan ma a gajiye yake, kuma babu. Manomi zai tashi da asuba, mace na da daka da ɗiban ruwa, yara na da lakwal. Ba za a ce kowa ya kwana zaune ba. Kuɗin magani ma ina? Tsarin jinya kyauta da ƙasarmu ta shigo da shi a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tiyatar haihuwa. Gwiwar tsoho ba ta cikin jerin. Aikin da ake yi a sauya gwiwa da ta ƙarfe kuwa, ga mafi yawan gidajenmu labari ne kawai.

Wannan ma gaskiya ce, kuma ba kwanan zaune nake kira gare shi ba. Ciwon nan na shekaru ne, ba jinyar sati ɗaya ba ce. Wanda ya ɗauke shi da zafi-zafi zai gaji kafin wata ya mutu, ya koma jin haushin mai ciwon. Abin da ake nema kaɗan ne mai ɗorewa, kuma yawancinsa kafin a kwanta ake yin shi.

Abin da ke rage zafin

Ɗumi na farko. Tsumma da aka tsoma a ruwan ɗumi, ko kwalba da ruwan zafi a naɗe cikin zane, a ɗora kan gwiwa minti 15 zuwa 20 kafin kwanciya, yana sassauta sandarewa. Mai ɗorawa ya fara gwadawa a hannunsa, don fatar tsoho, musamman mai ciwon suga, ba ta saurin jin ƙuna. In kuwa gwiwar ta kumbura bayan wahalar yini, tsumma mai ruwan sanyi ya fi. A lokacin ɗari a kiyayi kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Sai kwanciya. Mai kwana ta gefe ya sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa, kada ɗaya ta danne ɗaya. Tashi daga tabarma a ƙasa na cikin abubuwan da suka fi wahalar da gwiwa, don haka gado mai tsayin kujera ya fi duk wani man shafawa amfani. Haka tsugunno a bayan gida. Kujera mai huda da kafinta ko mai walda na unguwa zai haɗa cikin yini ɗaya tana iya sauya rayuwar tsoho. A ajiye tocila kusa da hannu, a kau da turmi da igiyar akuya daga hanya, don faɗuwar dare ta fi ciwon gwiwar haɗari.

Rana ce ke gyara dare. Ana yawan cewa mai ciwon gwiwa ya zauna ya huta, a ƙwace mishi kowane aiki, alhali zama wuri ɗaya yana raunana naman cinya, shi kuwa naman cinya shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. A zauna kan kujera, a miƙe ƙafa, a riƙe ta ana ƙirga biyar, a sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da marece. A riƙa ƴar tafiya gwargwadon iko. Sanda a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen da ke ciwo ba. Mai ƙiba in ya rage kilo 1, ya sauke wa gwiwarsa wajen kilo 4 a kowane taku. Man kaɗanya ba ya mayar da guringuntsi, amma hannun da ke shafa shi yana kwantar da jiki da zuciya, kuma shi ma magani ne.

Kuɗin da shiru ke ci a ɓoye

Akwai wani dalili da ya sa maganar nan ta wuce ta ladabi. Wanda bai kai kukansa ga ɗansa ba yana kai shi ga mai tallar ƙwaya a tire. Tsohuwa ta kwance bakin zane, ta ba jika dala ashirin, ta ce "sawo min na ciwon jiki". A ƙulle mata ja da rawaya da fari cikin leda, ba suna ba adadi, sun yini cikin rana. A cikin irin waɗannan ƙwayoyi ake samun diklofenak da ibuprofen. Suna kashe zafi da gaske, amma in tsoho ya daɗe yana shan su kullum suna iya fasa mishi gyambon ciki har ya zubar da jini, su taɓa ƙoda, su hau da jini. Akwai deksametazon, mai sa a ji garau a kumbura fuska har a ce an yi ƙiba, alhali yana tada suga yana raunana ƙashi. Akwai tiramol, wanda duk mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu. Ga tsoho yana kawo jiri da faɗuwa, kuma jiki yana sabawa da shi. Ko parasetamol, da ake ganin ba shi da laifi, bai kamata babba ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, tsoho mai ƙaramin jiki kuma ƙasa da haka, don yawansa yana lalata hanta. Ga tsagar wanzami bisa gwiwa, wadda ke iya zama gyambo ga mai suga.

Sannan ba kowane ciwon gwiwa ne na tsufa ba. In gwiwa ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi rau ga zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, wannan na zuwa asibiti ne a ranar, ba a jira gobe. In sandarewar safe tana wuce rabin awa, ga yatsu da wuyan hannu su ma sun kumbura, wata cuta ce daban mai maganinta daban. Gidan da ya saba da cewa "tsufa ne" shi ke makara a irin wannan rana.

Nan ne aikin ɗan makaranta ya fito fili. Takardar da ke cikin kwalin magani da Faransanci take ko Ingilishi. Ordonans ɗin da aka rubuto daga CSI, a gidaje da yawa mu kaɗai ke iya karanta ta. Mu ne za mu iya gane cewa kwali biyu masu suna daban magani ɗaya ne, mu tambayi ma'aikacin lafiya ko man diklofenak na shafawa, wanda ya fi sauƙi ga ciki, zai wadatar a madadin ƙwaya, mu gaya mishi Inna na da hawan jini kafin ya rubuta. Gwiwoyin nan su suka yi dakan da aka saida aka sai mana alli da littafi. In karatun bai iya karanta mata kwali ɗaya ba, mi ya iya?

Wa ke tashi?

Sauran tambayar adalci. A gidajen da ake kula ma, a duba wa ke tashi. Galibi jika ce mace, ƴar shekara goma ko sha biyu, da aka sa kwana ɗakin kaka. Ita ke murza ƙafa tsakar dare, da safe ta je aji tana gyangyaɗi a buge ta. Ko matar ɗa, wadda ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ta farko a tashi. A daidai wannan lokaci samarin gidan na fada har ƙarfe ɗaya, gawayi na ci, ruwa na tafasa don shayi na uku. Su dama idonsu biyu. Buta ɗaya ta ruwan zafi daga wutar nan zuwa ɗakin Inna taku nawa ne? In kunya ta hana ɗa namiji taɓa ƙafar uwarsa, ba ta hana shi dafa ruwa ba, ko biyan kafinta, ko ɗaukarta a kan moto zuwa asibiti. Gidan da ya sauke wa tsohuwa nauyi ya ɗora shi kan ƙaramar yarinya, wurin zaluncin kawai ya sauya.

Kada kuma a manta da tsofaffi maza. Tsoho na kwana shi kaɗai a ɗakinsa, an koya mishi tun yana yaro cewa namiji ba ya raki, ba mai jin nishinsa. Shi da tsohuwa duka, al'ada ta bar musu ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce wasan jika da kaka. Abin da ɗa ba ya iya tambaya, jika na iya tambayarsa da dariya. "Tsoho, yau kuma gwiwar ta hana ka zuwa zance?" Cikin zolaya gaskiya ke fitowa, ba tare da mutuncin kowa ya zube ba. Mu da muke jikoki, ƙofar nan tamu ce.

Amsata ga tambayar da na faro da ita ke nan. Haƙurin tsofaffi gaskiya ne, kuma ya cancanci yabo. Amma yabon yana da sharaɗi a kan mai yinsa. Wanda ya dafa ruwan, ya gyara shimfiɗar, ya karanta kwalin, ya raba tashin dare da ƙanwarsa, sannan ciwon ya ƙi, shi ne in ya ce "sai haƙuri, Inna" kalmar ke da nauyi a bakinsa. Ƙannenmu kuma na kallo, kuma abin da suka ga ana yi wa kaka shi za su ɗauka al'ada, ranar da tamu gwiwar ta fara ƙara.

Hutu na tafe, da yawanmu za mu koma gida daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. In mun durƙusa gaida tsofaffi, aka ce "lahiya lau", mu karɓa, don haka gaisuwa take. Sai dai kada mu miƙe nan take. Mu ɗan zauna mu ƙara tambaya ɗaya wadda al'ada ba ta tanada wa amsa ba: "Inna, sau nawa kika farka jiya?" Sannan mu yi shiru mu saurara.